Kundin aikin naɗa taransifoma da gwada ta da wutar gari da wutar batir

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Na buɗe wannan kundi ne domin in riƙa rubuta abin da na yi da abin da na gani a aikin da na ɗauko na naɗa taransifoma da hannuna, sannan in gwada ta da wuta iri biyu, wato wutar gari mai kai-da-komo wadda masu sana'a ke kira AC, da wutar batir mai bin hanya ɗaya wadda suke kira DC. Tushen aikin wata tambaya ce da wani ɗalibina ya yi mini kafin a tafi hutun ƙarshen zango. Ya ce, "Malam, tun da taransifoma tana ɗaga wuta, me zai hana a ɗauki batirin sola a haɗa shi da taransifomar da ke cikin sitabilaiza, a sami wutar da za ta juya fanka?" Na ba shi amsar da ke cikin littafi, na ce taransifoma ba ta aiki da wutar batir. Ya gyaɗa kai ya zauna, amma na ga alama bai gamsu ba, ni ma kuma amsar ba ta kwanta mini ba, domin hukunci na faɗa masa, ban nuna masa dalili ba.

Yau na je wurin wani dattijo mai naɗin koyil ɗin fanka da injin ban-ruwa a bakin kasuwa, na faɗa masa abin da ke tafe da ni. Ya tono mini wata ƙonanniyar taransifoma daga cikin tarkacen da ke ƙarƙashin bencinsa, ya ce wayarta ta tashi aiki amma ƙarfenta lafiya lau. Na kawo ta gida, na wuni ina zare fallayen ƙarfen ɗaya bayan ɗaya da bakin wuƙa. Iri biyu ne, wasu masu siffar harafin E, wasu kuma miƙaƙƙu kamar harafin I, kowane falle kaurinsa rabin milimita, an shafe shi da wani siririn rufi mai hana wuta tsallakawa daga falle zuwa falle. Faɗin harshen tsakiya, inda ake naɗa waya, santimita 3.2 ne, tsayin jerin fallayen idan an matse su kuma santimita 4.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Wannan mako na lissafi ne. Idan aka ninka 3.2 da 4 za a sami murabba'in santimita 12.8, amma ba dukansa ne ƙarfe ba, domin akwai rufi da 'yar iska tsakanin fallayen, saboda haka na rage kashi ɗaya cikin goma, ya rage kimanin 11.5. Da na koma wurin dattijon na tambaye shi yadda yake sanin yawan zagayen wayar da zai naɗa, sai ya ce, "Malam, ai raba arba'in da biyar za ka yi da faɗin ƙarfen, abin da ka samu shi ne zagayen kowane bolt ɗaya. Haka maigidana ya koya mini." Na ce, "Baba, daga ina arba'in da biyar ɗin ta fito?" Ya ce shi dai haka ya gada, kuma ba ta taɓa ba shi kunya ba.

Na dawo gida na bi ƙa'idar da ke cikin littafi, wadda ta haɗa lamba 4.44 da yawan kai-da-komon wuta a daƙiƙa, da faɗin ƙarfe, da yawan maganaɗisun da ake so ƙarfen ya ɗauka. Wutar Najeriya tana kai-da-komo sau 50 a daƙiƙa, idan kuma aka bar maganaɗisun a kan tesla 1 (tesla shi ne ma'aunin yawan maganaɗisu a cikin ƙarfe), aka raba 10,000 da abin da 4.44 da 50 suka haifar, sai 45 ta fito daidai. Na yi farin ciki ƙwarai da ganin haka, domin ya tabbatar mini cewa abin da dattijon ya riƙe a ka shi ne abin da ke rubuce a littafi. Abin da ya fi jan hankalina shi ne wurin da lamba 50 ta zauna a lissafin. Idan kai-da-komon ya ragu, zagayen da ake bukata sai ya ƙaru, idan kuwa ya sauka zuwa sifili, kamar yadda yake a wutar batir, babu adadin zagayen da zai isa. Amsar tambayar ɗalibina tana nan a ɓoye, amma ina so a gan ta da ido.

Na tsayar da zagaye 4 ga kowane bolt. Ɓangaren bolt 230 zai ɗauki zagaye 920 na waya mai lamba 26 (lambar kaurin waya ce, duk yadda lambar ta ƙaru wayar tana ƙara siranta). Ɓangaren bolt 12 ya kamata ya ɗauki 48, amma na ƙara biyu saboda abin da zai ɓace a cikin waya, ya zama 50, kuma zan naɗa shi sau biyu da waya mai lamba 16, in fitar da reshe a tsakiya. Ƙarfe mai wannan girma zai iya ɗaukar nauyin kimanin wat 100.

Lahadi, 26 ga Janairu, 2025

Naɗin ya ci mini mako biyu, domin sai da yamma bayan an tashi daga makaranta nake samun zama, ga hunturu ya busar da yatsu har suna tsagewa. Na kafa bobin, wato gidan da ake naɗa wayar a kansa, a kan wani katako da na soke da dogon ƙusa, ina juyawa da hannun dama, ina riƙe wayar jan ƙarfe da hagu ta cikin tsumma domin kada farce ya kankare rufinta. Matsalar farko da na gamu da ita ita ce ƙidaya. Na kai wajen zagaye ɗari uku aka yi sallama a ƙofa, da na dawo ban iya tuna inda na tsaya ba, dole na warware na sake daga farko. Daga nan na ajiye kwano biyu da ƙwayoyin wake a gabana, duk zagaye ashirin sai in ɗauke ƙwaya ɗaya daga wannan kwano in jefa a wancan, har ƙwaya 46 suka cika.

Bayan kowane layi na shimfiɗa siririyar takarda, tsakanin naɗin wutar gari da naɗin bolt 12 kuma na sa takarda mai kauri ninki uku. Wannan wuri ne da ba a yi masa ha'inci, domin wayoyin biyu ba su da wata mahaɗa ko kaɗan, kuma takardar nan ita kaɗai ce tsakanin hannun mutum da wutar da za ta iya kashe shi. Waya mai lamba 16 tana da taurin kai, sai da na riƙa danna ta da guntun katako kafin ta kwanta, kuma da ƙyar naɗin ya shiga tagar ƙarfen. Na mayar da fallayen ina sa ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, na buga su da gudumar katako har suka haɗe, sannan na ɗaure kusoshi huɗu na kusurwa. Mita ta nuna turjiyar naɗin farko mai zagaye 920, wato yadda wayar ke tare wuta, om 16.5 ce, na biyun kuwa bai kai kashi ɗaya cikin goma na om ba a kowane ɓangare.

Asabar, 1 ga Fabrairu, 2025

Yau na ba ta wutar gari karo na farko. Bisa shawarar dattijon, ban haɗa ta kai tsaye da soket ba, sai da na sa ƙwan lantarki mai zare na wat 60 a kan hanyar wutar, ta yadda idan akwai zagayen da ya goge ya haɗe da ɗan'uwansa, ƙwan zai haska sosai ya tare barnar. Da na kunna, zaren ƙwan bai ko yi ja ba. Na cire shi na haɗa kai tsaye. Wutar gari a lokacin tana kan bolt 218, kowane ɓangare na naɗi na biyu kuma ya ba ni bolt 11.8. Idan aka raba 920 da 50 za a sami 18.4, idan kuma aka raba 218 da 18.4 za a sami abin da mita ta nuna, wato waken bai yi ƙarya ba.

Na auna wutar da take sha alhali ba a ɗora mata komai ba, na sami kimanin amfiya 0.07 (amfiya shi ne ma'aunin yawan wutar da ke gudana a waya). Wannan adadi ya cancanci a tsaya a kansa. Waya mai turjiyar om 16.5, idan turjiyar ce kaɗai ke tare wuta, bolt 218 zai tura fiye da amfiya 13 ta cikinta, ta ƙone cikin ɗan lokaci. Amma ga shi abin da ya ratsa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na wannan ba. Dalili shi ne, wutar da ke kai-da-komo tana haifar da maganaɗisu mai hawa da sauka a cikin ƙarfen, shi kuma maganaɗisu mai canzawa yana haifar da ƙarfin wuta a duk wayar da ta zagaye shi. Naɗi na biyu yana samun rabonsa, shi ne bolt 11.8 da na auna, amma naɗin farko ma yana samun nasa, kuma nasa yana tunkarar wutar da ke shigowa, yana tura ta baya kusan daidai da ƙarfinta.

Tana yin wani ɗan gunji a hankali. Na sa kunne kusa, na tuna cewa ƙarfe yana ɗan miƙewa da tsukewa duk lokacin da maganaɗisu ya hau, ko ta wace fuska ya hau, shi ya sa gunjin yake bugawa sau 100 a daƙiƙa. Irin ƙarar ce ake ji idan an wuce kusa da babbar taransifomar unguwa da dare. Bayan awa ɗaya ƙarfen ya yi ɗumi kaɗan kawai.

Asabar, 8 ga Fabrairu, 2025

Wannan ita ce ranar da aikin ya biya ni wahalata. Na kira ɗalibin da ya yi tambayar tare da abokansa uku, na ajiye batirin mota mai bolt 12.6 a kan tebur, na haɗa tsohuwar mita mai allura a naɗi na biyu. Na zaɓi in ba naɗin zagaye 920 wutar batirin, domin turjiyarsa za ta hana wutar yin yawa. Da na taɓa waya a kan batir, allurar ta yi tsalle zuwa dama, nan take kuma ta koma sifili ta kwanta, ko da yake wayar tana nan a haɗe. Na bar su suka kalli allurar kusan minti guda, ba ta motsa ba. Da na ɗage wayar, sai tartsatsi ya fito a bakinta, allurar kuma ta yi tsalle zuwa hagu ta dawo. Muka maimaita sau da yawa, kullum abin ɗaya ne: motsi a lokacin haɗawa, motsi ta kishiyar fuska a lokacin rabawa, shiru a tsakani.

Ɗalibin ya ce, "Malam, ko dai wutar ba ta shiga ne idan an bar wayar a haɗe?" Tambaya ce mai kyau, don haka muka sa mita ta biyu a kan hanyar batirin, ta nuna amfiya 0.76 yana gudana ba tsayawa. Muka kawo kamfas kusa da ƙarfen, allurarsa ta karkata da aka haɗa wuta, ta kuma tsaya a karkace. Wato wuta tana shiga, maganaɗisu yana nan da ƙarfinsa, amma naɗi na biyu bai sami komai ba, saboda maganaɗisun ya tsaya cik. Na rubuta musu adadi biyu a jikin kwali: bolt 218 na wutar gari ya tura amfiya 0.07, bolt 12.6 na batir ya tura amfiya 0.76. Ƙaramar wuta ta tura abin da ya ninka na babbar sau goma da ɗoriya, domin da zarar maganaɗisu ya daina canzawa, turin bayan nan ya ɓace, ba abin da ya rage sai turjiyar waya. Na nuna musu cewa da a naɗin zagaye 50 muka haɗa batirin kai tsaye, wanda shi ne ainihin abin da ɗalibin ya ba da shawara, wutar da za ta ratsa za ta haura amfiya 100, wayar ta yi ja, takarda ta kama.

Abin da muka gani shi ne abin da Michael Faraday ya gani a Landan ranar 29 ga Agusta, 1831, lokacin da ya naɗa waya biyu a kan zoben ƙarfe, ya haɗa ɗaya da batir, ɗayar kuma da ma'auni mai allura. Shi ma tsalle biyu ya gani da shiru a tsakani. A ganina duk wanda zai koyar da taransifoma daga nan ya kamata ya fara, kafin ya rubuta ko da ƙa'ida ɗaya a allo.

Kafin mu tashi na ƙara gwaji ɗaya. Na sa ƙwan fitilar mota a kan hanya domin ya rage wutar, na haɗa batirin da naɗin zagaye 50 ta jikin magagari mai manyan haƙora, na sa ƙaramin ƙwan da ke cikin testa a naɗin zagaye 920. Da na ja bakin waya a kan haƙoran magagarin, wutar tana haɗuwa tana yankewa da sauri, ƙwan testar ya riƙa ƙyalli ja. Yaran suka yi shiru, sannan ɗaya daga cikinsu ya ce ashe batir ma zai iya, idan an yayyanka wutarsa. Haka koyil ɗin tsofaffin motoci yake samar da dubban bolt ga fulogi daga batir mai bolt 12, ta hanyar kwantak mai buɗewa da rufewa. Na gargaɗe su kada wanda ya riƙe tsirarar waya a lokacin rabawa, domin fizgar da take yi ba ta wasa ba ce.

Laraba, 19 ga Fabrairu, 2025

Na kai taransifomar aji, na maimaita gwajin allura a gaban kowa, sannan muka shiga batun abin da ya sa wutar gari ta zama mai kai-da-komo. Na ba su misali da wat 100,000 da za a kai wani ƙauye. Idan a bolt 230 aka tura shi, waya za ta ɗauki kimanin amfiya 435, idan kuwa a bolt 11,000 ne, kimanin amfiya 9 kawai za ta ɗauka. Zafin da ke ɓacewa a waya yana bin amfiya ninke da kansa, saboda haka asarar ta ragu fiye da sau 2,000 a kan waya iri ɗaya. Taransifoma ba ta ƙirƙirar ƙarfi, abin da ta ƙara a bolt ta rage shi a amfiya, amma wannan musaya ita ce ta ba da damar kai wuta nesa.

Tashar da Thomas Edison ya buɗe a titin Pearl na birnin New York a 1882 wuta mai hanya ɗaya take bayarwa a kimanin bolt 110, kuma ba ta iya kai ta nesa da unguwannin da ke kewaye da ita, domin a lokacin babu hanya mai sauƙi ta ɗaga irin wannan wuta. A 1885 injiniyoyi uku na kamfanin Ganz a Budapest, wato Zipernowsky da Bláthy da Déri, suka fito da taransifoma mai rufaffen ƙarfe, a 1886 kuma William Stanley ya haskaka garin Great Barrington na Amurka da wuta mai kai-da-komo wadda aka ɗaga aka kuma sauke da taransifoma. A 1891 aka tura wuta daga Lauffen zuwa Frankfurt a Jamus, tafiyar kimanin kilomita 175. Tsarin da muke amfani da shi a nan jikan wannan ne: wutar da ke fitowa daga madatsun Kainji da Jebba da Shiroro ana ɗaga ta zuwa bolt 330,000, sannan a riƙa sauke ta mataki-mataki zuwa 132,000, da 33,000, da 11,000, har ta iso taransifomar unguwa ta fito a 415 tsakanin layi da layi.

Wata ɗaliba ta tambaya ko ke nan an daina tura wuta mai hanya ɗaya zuwa nesa. Na ce ba a daina ba, ta ma dawo da ƙarfinta bayan an sami na'urorin da ke juya wuta daga wannan iri zuwa wancan. Layin da ya tashi daga madatsar Cahora Bassa ta Mozambik zuwa Afirka ta Kudu mai hanya ɗaya ne, haka ma wanda ya tashi daga Inga zuwa Kolwezi a Kwango, mai tsawon kimanin kilomita 1,700. Sai dai a kowane ƙarshen waɗannan layuka taransifoma tana nan tsaye a ɓangaren wuta mai kai-da-komo, ita ce ke ɗagawa kafin a miƙar da wutar, ita ce kuma ke saukewa bayan an mayar da ita.

Asabar, 22 ga Fabrairu, 2025

Aiki kaɗan na yi yau. Na sa diyod biyu, waɗanda ke barin wuta ta wuce ta fuska ɗaya kawai, a bakunan naɗi na biyu, na ɗauki reshen tsakiya a matsayin waya ta komawa, na ƙara kafasita mai tara wuta, sai na sami wuta mai hanya ɗaya ta bolt 16. Ta fi 11.8 ne saboda kafasita tana cika har ƙololuwar igiyar wutar, wadda ta ninka abin da mita ke nunawa sau 1.41, sannan diyod ya ci kimanin 0.7. Juya wutar gari zuwa ta batir abu ne mai sauƙi. Komawa ta ɗaya hanyar ita ce mai wuya, kuma ita ce ta rage.

Asabar, 8 ga Maris, 2025

Azumi ya kama, zafi kuma ya fara, don haka na mayar da aikin bayan sallar asuba. Na haɗa abin da zai maye gurbin magagari da hannuna, wato ƙaramar na'ura CD4047 da ke fitar da umarni biyu masu karɓa-karɓa, na daidaita ta a kan sau 50 a daƙiƙa, tare da mosfet biyu IRF3205 da ke aikin makunni. Reshen tsakiya yana zuwa kan batir ta cikin fis na amfiya 15. Idan makunni na farko ya rufe, wuta ta bi rabin naɗin ta wannan fuska, idan ya buɗe na biyu ya rufe, ta bi ɗaya rabin ta kishiyar fuska. Batirin bai daina ba da wuta mai hanya ɗaya ba, amma ƙarfen yana ganin maganaɗisu mai juyawa, kuma iyakar abin da yake nema ke nan. Wannan ita ce inbata a mafi sauƙin siffarta.

Da na kunna, mita ta nuna bolt 257 a naɗin zagaye 920, abin da ya fi lissafina. Sai na tuna cewa irin wannan mita an daidaita ta ne da igiyar wutar gari mai lanƙwasa a hankali, ita kuwa inbatar tana ba da igiya mai kusurwa, don haka mitar tana ƙara kimanin kashi 11 cikin ɗari. Adadin gaskiya yana kusa da 232, daidai da 12.6 sau 18.4. Ƙwan wat 60 ya kama da haske mai kyau.

Lahadi, 16 ga Maris, 2025

Jiya na yi asara. Ina cikin gwaji na matsar da allon haɗin, sai wata ƙafar kafasitar da ke riƙe lokacin CD4047 ta ɓalle daga dalma. Gunjin taransifomar ya ɗauke, ƙwan ya mutu, kafin in kai hannu kan wayar batir fis ya tsinke da ƙara, ɗaya daga cikin mosfet ɗin kuma ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Da na auna shi na tarar ya haɗe gaba ɗaya. Abin da ya faru a fili yake: da karɓa-karɓar ta tsaya, makunni ɗaya ya zauna a rufe, batirin ya fuskanci zagaye 50 na waya mai kauri babu turin baya, wato daidai yanayin da na kwatanta wa yara ranar 8 ga Fabrairu. Ba don fis ba, da naɗin da na yi mako biyu ina yi ya tafi.

Na kai wa dattijon taransifomar ya duba. Ya shinshina ta, ya auna, ya ce, "Malam, Allah ya kiyaye, ba ta ƙone ba. Amma kada ka ƙara gwaji a kan allon da ke rawa." Na karɓi wannan gyara. Na sake dalma a kan allo mai ƙarfi, na ɗaure shi da kusoshi, na sa wa mosfet ɗin faifan alminiyam mai shan zafi, na kuma matso da fis kusa da kan batir.

Asabar, 22 ga Maris, 2025

Inbatar ta yi awa biyu tana aiki ba matsala. Da ƙwan wat 60 a kanta, batirin yana ba da kimanin amfiya 5.5, wutar da ke fita kuma ta sauka zuwa wajen bolt 205 bayan an gyara karatun mita. Na gano kuskurena a nan. Zagaye biyun da na ƙara a naɗin bolt 12 suna da amfani idan ana sauke wuta, amma da na juya taransifomar tana ɗagawa, sai suka zama ragi. Ina tunanin warware zagaye huɗu daga kowane ɓangare su koma 46, sai dai hakan zai ƙara wa ƙarfen maganaɗisu zuwa kusan tesla 1.2, don haka sai na auna wutar da take sha ba lodi bayan kowane zagaye da na cire.

Na kira ɗalibin nan ya kawo fankar tebur daga gidansu. Ta juya, ya tsaya yana kallonta yana murmushi, amma ta riƙa wani ƙugi da ba ta yi a wutar gari, bayan rabin awa kuma kanta ya fi ɗumi. Igiya mai kusurwa ce ta jawo haka, kuma ban ga ya dace a bar fanka a kanta tsawon dare ba.

Shi ne kuma ya kawo mini matacciyar cajar waya, ya tambayi dalilin da ya sa ba ta da nauyi. Muka fasa ta, muka tarar da taransifoma da ba ta fi kan babban yatsa ba. Cajar tana miƙar da wutar gari zuwa mai hanya ɗaya ta kimanin bolt 325, sannan ta yayyanka ta sau dubun-dubata a daƙiƙa kafin ta ba taransifomar. Na mayar da shi kan lissafin 11 ga Janairu, inda lamba 50 ta zauna: idan ta zama 50,000, zagaye da ƙarfen da ake bukata sai su ragu ƙwarai. Fallayen ƙarfe irin nawa ba za su jure wannan saurin ba, zafi zai cinye su, shi ya sa ake amfani da wani baƙin abu mai kama da tangaran da ake kira ferait. Na ciro irinsa guda biyu daga tsohuwar na'urar ba kwamfuta wuta, na jiƙa su domin gam ɗin ya saki. Bayan Sallah zan fara da rage zagayen, sannan in auna faɗin ferait ɗin in yi masa nasa lissafin.